Differ: Bambanci Ne Ko Saɓani?

Bahaushe ya raba abu biyu da Bature ya haɗa a kalma ɗaya. Idan gero da dawa ba su yi kama ba, sai mu ce sun bambanta. Idan malamai biyu kowa ya kama nasa ra'ayi a kan mas'ala, sai mu ce sun saɓa. Turanci kuwa fi'ili guda yake ɗora wa duka biyun, wato differ, kuma a nan ɗalibai a Gusau da Tsafe da Bunguɗu kan yi tuntuɓe a jarrabawar WAEC da NECO.

Kalmar daga Latin ta taso, ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 14. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu ba, domin ikhtalafa ta Larabci ma haka take: saɓawar dare da rana da saɓanin malaman fiƙihu duk da ita ake faɗar su.

Abin da ke fayyace ma'ana shi ne ɗan harafin da ya biyo bayan fi'ilin. In ka ji from, maganar bambanci ake yi. Bazamfare yakan ce munka zo, sunka tahi, Bakano ya ce muka zo, suka tafi. Babu gaba, babu gardama, kowa da bakin garinsu. A Turance sai a ce Zamfara Hausa differs from Kano Hausa. In ana son nuna ta ina bambancin yake, sai a kawo in: differ in price, kamar yadda tiyar masara kan yi kuɗi dabam a kasuwar Tsafe da ta Bunguɗu.

In kuwa with ce ta biyo, an shiga fagen ra'ayi, kuma mutane ne kawai ke shigarsa, buhun masara ba ya saɓa wa kowa. Tarihin ƙasar Tsafe ya ishe mu misali. 'Yandoto tsohuwar cibiyar karatu ce, kuma bayan an fara jihadi a 1804 da yawa daga malamanta ba su yarda da hujjojin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba, har aka kai ga yaƙar garin. Ɗalibin tarihi zai rubuta they differed with the Shehu, abin da aka saɓa a kansa kuma ya shigo da shi da on ko over. Da ya sa from, ya ce ke nan ba su yi kama da Shehu ba, alhali ba maganar kama ake ba.

Akwai kuskuren da Hausarmu ce ke jawo shi. Mukan ce "ka bambanta min waɗannan biyun", sai yaro ya ɗauko differ ya ɗora mata karɓau. Ba ta karɓa. Aikin distinguish ne ko differentiate. Haka it is differ da ake yawan ji, gyaransa it differs ko it is different.

I beg to differ kuma ba roƙo ba ne, ladabi ne, kamar ka ce wa babba "Allah gafarta malam, ni dai ba haka na gani ba."

Kuskuren da ya fi ɓarna a ganina shi ne rikita differ da defer, wato ɗage abu zuwa gaba. Tushensu ɗaya a Latin, a bakinmu ma kusan ɗaya suke fita. Amma differ a gaɓar farko ake danna murya, defer a ta biyu. Ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, kuɗin rajista suka gagara bana, defer zai rubuta a takardar neman a ɗage masa zuwa baɗi, da e a maimakon i, da f guda ɗaya.