Girman Jinjirin Wata Ba Ya Ƙirga Kwana

Duk shekarar da aka cika Sha'aban talatin, da jinjirin wata ya bayyana sai ka ji magana ɗaya a majalisu daga Birnin Kudu har Gwaram: "Wannan ai ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya." Kafin a idar da asham hotuna sun cika WhatsApp, kowa na tura nasa don nuna wai Fadar Sarkin Musulmi ta makara da sanarwa.

Maganar nan tana damuna, don kuwa ba haka lissafin yake ba. Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, kuma haihuwar ba ta jiran magariba. Tana iya faɗowa da hantsi, tana iya faɗowa tsakar dare. A ce an haife shi ƙarfe tara na safe ranar 29 ga Sha'aban. Da magariba bai wuce awa goma ba, siriri ne kamar zare, yana maƙale cikin jan hasken rana, ido ba ya kama shi. Sai a cika talatin. Washegari da magariba ya haura awa 33, ya yi kauri, ya ɗaga sama, ya jima bai faɗi ba. Daren ɗaya ga wata ne kuwa, ba ko tantama.

Manomi ya san ranar da gero ya huda ƙasa ba ita ce ranar da ya soma tsiro ba. Makiyayin da akuyarsa ta haihu a daji, ya tarar da ɗan washegari yana tsalle, ba ya cewa ya yi mako. Haka jinjiri yake, yana girma ko an gan shi ko ba a gan shi ba. Gardamar ma tsohuwa ce. A Sahihu Muslim an ruwaito wasu matafiya sun yi saɓani kan jinjiri, wasu na cewa ɗan kwana biyu ne, wasu uku, Ibnu Abbas ya mayar da su ga daren da suka gan shi.

Sai batun hoto. Tsofaffin masu hoto da suka yi aiki da kamara mai fim sun san wata ƙarami ne ƙwarai a idon kamara. Da gilashin yau da kullum mai milimita 50, faɗinsa a kan fim bai kai rabin milimita ba, ƙwayar gero ma ta fi shi. Sai da dogon gilashi, da kafa kamarar kan ƙafa uku, kafin a wanke a ga abin kirki. Amma fim yana da amana: hotunan na jere a negetif ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɗauka ya san rana da wuri. Hoton da ake turo maka a waya fa? Ba rana, ba gari. Waya kan kumbura haske har siririn wata ya yi kauri. Wani hoton na asuba ne, na tsohon wata a gabas. Wani daga Turai yake, inda jinjiri kan tsaya a karkace, alhali namu a nan yawanci kwanciya yake kamar ƙwarya.

Hukuma ma da nata laifin. Shaidar gani tana hawa daga hakimi zuwa Masarautar Dutse har Sakkwato, sanarwa ta sauko, amma bayanin awannin nan da Hausa ba ya biyo ta yadda ya kamata.

Ga duwatsu kuwa Allah ya ba Birnin Kudu, inda yamma take a buɗe idan ba hazo. Da malamin kimiyya zai hau da ɗalibansa, su ɗauki hoton wata daga wuri ɗaya bayan kowace magariba har mako biyu, da sun ga yana matsawa gabas kamar faɗin dunƙulen hannu kullum, faɗuwarsa na jinkiri da kusan minti 50, har ranar da zai fito cikakke daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa.