Daga ƙaron tumfafiya zuwa ɓawon jatan lande: Yadda ake ɗaure enzayim

A kasuwar Malanville, garin da ke bakin kogin Kwara yana kallon Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ba a rasa wagashi, wato cukun nan da matan Fulanin arewacin Benin suka shahara da shi. Sirrinsa kuwa tumfafiya ce. Idan aka ɗumama madara aka zuba ruwan dakakken ganye da karan tumfafiya, sai ta daskare. Haka ma uwargida kan naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda don ya yi laushi.

Abin da ke yin wannan aiki masana na kiran sa enzayim, wani sinadari ne mai hanzarta canji ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Na gwanda sunansa fafayin, na abarba kuma buromelin. Matsalar ita ce da zarar an zuba shi cikin madara ko ruwan 'ya'yan itace, ya tafi ke nan, ba a iya tsamo shi. Ga mai tukunya ɗaya wannan ba asara ba ce, tunda tumfafiya kyauta take a daji. Amma ga masana'anta mai sayen tataccen enzayim da tsada, kuɗi ne ke bin ruwa.

Mafitar ita ce a ɗaure shi a jikin wani abu da ba ya narkewa, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Tun 1916 Nelson da Griffin suka gwada haka a Amurka da gawayi, kuma a 1969 kamfanin Tanabe Seiyaku na Japan ya shigar da dabarar cikin masana'anta.

Ɗaya daga cikin turakun da masu bincike suka fi so shi ne kitosan. Daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samun sa, irin wanda ake zubarwa a bakin tafkunan Nokoué da Ahémé a kudancin Benin. Ana wanke ɓawon da asid a cire alli, a cire sauran nama da soda, sannan a dafa shi cikin soda mai ƙarfi. Kitosan ɗin da ya fito sai a narkar da shi cikin asid mai sauƙi irin na binega, a ɗiɗɗiga shi cikin ruwan soda, ya dunƙule kamar tsakiya. Daga nan a liƙa enzayim da sinadarin gulutaraldehaid. Wannan sinadari guba ne, dole a wanke shi tas kafin ƙwayoyin su taɓa abinci.

Ribar ita ce ana tace ƙwayoyin a sake aiki da su sau da dama, kuma galibi sun fi jure zafi. Sai dai ɗaurarren enzayim kan rage kuzari, musamman idan abin da zai narkar mai kauri ne kamar madara. Don haka mai wagashi ba za ta rabu da tumfafiyarta ba. Inda dabarar ta fi dacewa shi ne tace abin sha da kuma tsabtace ruwan rini, wanda enzayim ɗin ferokzides na tsirrai ke iya kashe wa launi.

Gwanda da tumfafiya na arewa, ɓawo da abarba na kudu. Abin da ya rage shi ne jami'o'in Parakou da Abomey-Calavi da 'yan kasuwa su haɗa su wuri guda, su lissafa ko riba za ta rufe kuɗin soda da wuta.