Ko Sababbin Wasannin Almara Na Kwamfuta Sun Rasa Zurfin Na Da?

Daga Wakilinmu

A cikin watan Janairun 1974, waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba da kwamfuta ake yinsa ba. Abokai ne ke zama kewaye da tebur da takarda da fensir da ƙwayoyi irin na ludo, ɗaya daga cikinsu ya ja ragamar labari kamar yadda tsohuwa ke jan tatsuniya, sauran kuma kowa ya shiga rigar wani jarumi, ko mayaƙi, ko matsafi, ko malamin ibada. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, a nan mai sauraro yana da bakin magana. In ya ce jaruminsa ba zai yaƙi dodo ba, sulhu zai nema, tilas labari ya bi ta can.

Daga wannan wasa ne aka sami wasannin kwamfuta da ake kira na shiga rigar jarumi, waɗanda yau suka zama sana'ar miliyoyin daloli a Amurka da Kanada da Japan da ƙasashen Turai. To, shekaru da dama ke nan ana tafka wata gardama tsakanin ma'abota waɗannan wasanni. Tsofaffin hannu suna cewa duk sa'ad da aka fito da sabon kashi na wani shahararren wasa, sai a ga hoto ya ƙara kyau, amma zurfi ya ragu. Kamfanoni kuwa cewa suke yi gyara ne suka yi, suka share ƙayoyin da ke hana baƙo shiga. Domin mai karatu ya auna da kansa, bari mu duba abin da ya auku ga jerin wasanni biyu da aka fi kafa hujja da su.

Daga 35 Zuwa 18

Na farko shi ne The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda da ke Jihar Maryland ta Amurka. Kashi na biyu, watau Daggerfall na 1996, yana da fannonin gwaninta har 35 da jarumi zai iya ƙwarewa a kai. Da Morrowind ya fito a 2002 sai suka koma 27. A Oblivion na 2006 suka zama 21, sa'an nan a Skyrim na 2011 suka tsaya a 18. A Morrowind, gwanin doguwar takobi dabam, gwanin wuƙa dabam, haka na gatari da na kulki da na mashi. Oblivion ya jefar da mashi, ya haɗa takobi da wuƙa wuri guda. Skyrim kuwa ya raba makaman sara gida biyu kawai, na hannu ɗaya da na hannu biyu. Har wa yau, siffofi takwas da ake auna jarumi da su, irin su ƙarfi da basira da zafin nama da sa'a, duk Skyrim ya soke su, ya kuma soke damar da mai wasa yake da ita ta harhaɗa sihirin kansa.

Amma abin da ya fi ci wa tsofaffin hannu tuwo a ƙwarya shi ne maganar neman hanya. A Morrowind, in an aiki jarumi wani wuri, kwatance ake yi masa da baki, a ce ya fita ta ƙofar gari, ya bi gefen kogi, ya haye gada, ya juya a gindin wani dutse. Kwatancen yana shiga littafin ajiyar bayanansa, sauran aiki kuma nasa ne. Yakan ɓace, yakan yi tambaya, kuma a cikin ɓacewar nan yakan ci karo da kogo ko kangon da bai nufa ba. Tun daga Oblivion aka sa wata alama a kan allo mai nuna inda za a dosa, ta yadda mutum zai iya kammala aike ba tare da ya karanta ko kalma ɗaya daga abin da aka gaya masa ba.

Akwai kuma batun sakamako. A Morrowind manyan gidajen sarauta uku ne ke karɓar mabiya, watau Hlaalu da Redoran da Telvanni, kuma wanda ya shiga ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar sauran biyun. Ba a ƙara wa mutum girma a ƙungiyar matsafa sai gwanintarsa ta sihiri ta kai mizani. In ma ya ga dama ya kashe mutumin da babban labari ya rataya a wuyansa, wasan zai bar shi, sai dai ya gargaɗe shi cewa ya tsinke zaren labarin. A Skyrim irin waɗannan mutane ba sa mutuwa, durƙusawa suke yi su sake tashi, kuma jarumi guda yana iya zama shugaban matsafa da na ɓarayi da na mayaƙa gaba ɗaya, ko da kuwa sihirin da ya sani bai taka kara ya karya ba.

Labarin Dragon Age

Jeri na biyu shi ne Dragon Age na kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton na Kanada. Kashi na farko, Origins, ya fito a 2009 da mafarin labari iri shida. Mai wasa yana iya farawa a matsayin ɗan sarauta, ko almajirin matsafa, ko talakan cikin wadanni, da sauransu, kuma asalin da ya zaɓa yana bin sa har ƙarshe, yana sauya yadda mutane ke karɓarsa. A wani wuri mai suna Redcliffe, an tarar da yaro ɗan mai gari wanda aljani ya shiga jikinsa. Mai wasa zai zaɓa, ko ya kashe yaron, ko ya yarda uwar ta ba da ranta fansa, ko ya yi tattaki ya nemo taimakon matsafa. Abokan tafiyarsa ma suna da nasu ra'ayi, kuma in ya aikata abin da ya saɓa wa aƙidarsu, waɗansu sukan rabu da shi, waɗansu har su zare masa makami.

Dragon Age II ya biyo baya a 2011, ƙasa da shekara ɗaya da rabi bayan na farko, kuma gaggawar ta nuna. Jarumi ɗaya aka ba kowa, mai suna Hawke, labarin kusan duk a birni guda, ga kuma kogunan dutse iri ɗaya da ake ta maimaitawa. Inquisition na 2014 ya farfaɗo da martabar jerin, har ya ci lambar gwarzon wasan shekara. Sai aka yi shekara goma ana jira. Da The Veilguard ya fito ran 31 ga Oktoba, 2024, abokan yaƙi sun ragu daga uku zuwa biyu, kuma mai wasa ba ya iya karɓar ragamar kowanensu kamar da. Daga dukan shawarwarin da mutane suka yanke a wasanni uku na baya, guda uku kacal sabon ya tambaya, dukansu kuwa daga Inquisition. Ga wanda ya ɗauki shekara 15 yana gina tarihin duniyarsa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

A Janairun 2025 kamfanin Electronic Arts, wanda ya mallaki BioWare, ya sanar cewa kimanin mutum miliyan 1.5 ne suka taɓa wasan, watau kusan rabin abin da ya yi tsammani. Kafin watan ya ƙare aka rage ma'aikatan BioWare, cikinsu har da marubuta. Ashe gardamar ba ta masu neman abin hira ba ce kaɗai, akwai abincin mutane a ciki.

Me Ya Kawo Haka?

Dalili na farko kuɗi ne. Wasan da 'yan mutane ƙalilan ke haɗawa a shekarun 1990 yanzu yana cin ɗaruruwan ma'aikata da shekaru biyar ko fiye. Kamfanin da ya zuba irin wannan jari ba zai dogara ga tsofaffin hannu kaɗai ba, dole ya nemi wanda bai taɓa yin irin wasan ba, ya kuma tabbatar bai gaji ya ajiye a daren farko ba.

Na biyu shi ne murya. Mafi yawan zantukan Morrowind a rubuce suke, saboda haka ƙara wa mutumin ƙauye sakin layi goma bai wuce aikin marubuci na yini guda ba. Daga Oblivion aka koma ɗaukar muryar kowace jimla. Da zarar an yi haka, kowane reshe da labari ya yi yana bukatar ɗan wasa da ɗakin ɗaukar murya da mai motsa fuskar hoto, sa'an nan a maimaita aikin a waɗansu harsuna. Mai riƙe da asusu kuwa ba ya son a kashe kuɗi a kan reshen da 'yan kaɗan ne za su bi ta kansa.

Na uku shi ne na'urar da ake wasan a kanta. Tsofaffin wasannin an tsara su ne domin kwamfutar tebur mai maɓallai fiye da ɗari. Da kasuwa ta karkata ga akwatunan wasa irin su Xbox da PlayStation, waɗanda ake haɗawa da talabijin a sarrafa da ɗan abin hannu, tilas aka taƙaita jerin umarni da dogayen rubuce-rubuce. Ko a Japan an ga irin wannan sauyi. Jerin Final Fantasy, wanda ya soma a 1987 da rundunar jarumai masu kai hari bi da bi, ya kai kashi na 16 a 2023 da jarumi guda da mai wasa ke sarrafawa cikin faɗa irin na zafin hannu.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Duk da haka, adalci ya wajaba. Yawan lissafi ba shi ne zurfi ba. Dokokin dara ba su da yawa, amma dattijo yakan shekara arba'in yana yin ta bai ga ƙarshenta ba. Daga cikin fannoni 35 na Daggerfall, da yawa harsunan dodanni ne waɗanda kusan ba su da wani amfani a wasan. A Morrowind mutum yakan kai sara ya ga takobinsa ta ratsa jikin abokin gaba, amma a ce bai same shi ba, domin wani ɓoyayyen lissafi ya faɗi. Mutanen garuruwansa kuwa mafi yawansu a tsaye suke wuri ɗaya dare da rana. Oblivion ne ya ba su lokacin barci da na cin abinci da na fita aiki. Shugaban aikin Skyrim, Todd Howard, ya bayyana a 2023 cewa an sayar da kofe fiye da miliyan 60 na wasan. Da wuya a ce dukan waɗannan mutane ruɗinsu aka yi.

Bugu da ƙari, akwai abin da tsofaffin hannu ba su cika son a faɗa ba. Wanda ya yi Morrowind yana ɗan shekara 15, da dogon hutun makaranta a gabansa, yau magidanci ne mai zuwa ofis, wanda da ƙyar yake samun sa'a guda da dare. Wani abin da yake kewa ba a cikin wasan yake ba, ƙuruciyarsa ce. Kuma 'yan wasannin da suka yi fice ne ake tunawa, tarin marasa kyau na wancan zamani an manta da su.

Waɗanda Suka Karya Ƙa'idar

Abin da ya hana a ce lalacewar dole ce shi ne, akwai sababbin kashi da suka fi na baya zurfi. The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan, wanda ya fito a 2015, ya shahara saboda shawarar da mutum ya yanke yau ba ya ganin sakamakonta sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Babbar hujja kuwa ita ce Baldur's Gate 3. BioWare ne ya yi na farko a 1998 da na biyu a 2000. Bayan shekara 23, kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fito da na uku a Agustan 2023, bisa dokokin Dungeons & Dragons, da faɗa na bi da bi, da ƙwaya mai fuska 20 da ake jefawa a gaban idon mai wasa. Kusan kowace matsala tana da hanyoyin warwarewa da dama, ta faɗa ko ta lallashi ko ta wayo, kuma abokin tafiya yana iya mutuwa ko ya yi fushi ya tafi, labari ya ci gaba ba tare da shi ba. An ɗauki muryar zantukansa, ya kuma fito a kan akwatunan wasa, watau ya ɗauki nauyin nan biyu da ake cewa su ke kashe zurfi, bai durƙusa ba. Ya ci lambar gwarzon wasan shekarar 2023, ya kuma sami kasuwa ƙwarai. Sai dai a lura, Larian kamfani ne mai cin gashin kansa, kuma tun Oktoban 2020 ya saki kashin farko na wasan ga masu saye, ya yi kusan shekara uku yana gyara bisa ga abin da suka faɗa. Ba kowane kamfani ne masu jarinsa za su yi masa wannan haƙuri ba.

Idan aka tattara, amsar tambayarmu ita ce, a waɗansu jerin lalle an yi rashi, kuma ana iya ƙirga shi. Rage fannoni daga 35 zuwa 18 ba shi ne babban rashin ba. Babban rashin shi ne inda aka cire wa mai wasa damar yin kuskuren da zai biya, aka hana shi rufe wata ƙofa saboda ya buɗe wata. Wasan da kowace hanya a cikinsa ke kai wa gida ɗaya ya koma kallo, alhali kuwa abin da ya raba shi da sinima tun 1974 shi ne mai sauraro yana da bakin magana.

Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da zai ba irin wannan wasa kuɗinsa da sa'o'i ɗari na rayuwarsa, ya kamata kafin ya dubi kyan hoto ya tambayi waɗanda suka riga shi, shin in na ƙi abin da aka umarce ni, me zai faru? In amsar ita ce babu kome, to, ya san abin da zai saya. A 2018 Bethesda ya yi shelar kashi na shida na The Elder Scrolls. Da wannan tambaya ce tsofaffin hannu da sababbi za su auna shi.