Tarwaɗa Ba Ta Son Ruwan Ƙazanta: Jan Hankali Ga Masu Kiwon Kifi A Gida

Akwai wata magana da ta yi wa masu kiwon kifi illa a ƙauyukanmu na Bichi, Dambatta, Makoɗa da Minjibir, wai tarwaɗa kifin taɓo ce, don haka ko wata guda ruwanta ya yi ba a canza ba, babu abin da zai same ta. Wasu har ƙarawa suke yi da cewa baƙin ruwa ne ke sa ta ƙiba. Da wannan zancen ake yaudarar matasa su sayi tamfol ko su gina kwamin siminti a bayan gida, su zuba 'ya'yan kifi ɗari biyar, su zauna jiran riba. Kafin wata uku sai a wayi gari kifi ya taso ciki sama, a koma zargin maƙwabci da baki ko sammu.

Gaskiya ne tarwaɗa na da juriya. Allah Ya yi mata wata tsoka a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a wajen ruwa alhali karfasa tuni ta mutu. Amma juriya daban, girma daban. Tarwaɗar da masunta ke kamawa a dam ɗin Tomas ko na Watari tana yawo ne a ruwa mai faɗi, ga ciyayi, ga iska na kaɗawa, ga sabon ruwa na shigowa duk damina. Taka kuwa ɗaruruwa ne a cushe a wuri guda, a nan suke ci, a nan suke kashi.

Abin da ke kashe su ba a ganin sa da ido. Abincin kifi cike yake da sinadarin gina jiki, kuma duk abin da kifi ya ci, wani kaso na fita daga jikinsa a matsayin ammoniya, akasari ta kunnuwan da yake numfashi da su. Ragowar abinci da kashi su kwanta a ƙasa su ruɓe, su ƙara ammoniyar, su kuma cinye iskar cikin ruwan. Ammoniya na ƙona kunnuwan kifi, dafinta kuma ƙaruwa yake idan ruwa ya yi ɗumi, wato daidai watan Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya mutane ke ƙyashin ruwa. Shaƙar iska a sama ba ta kare kifi daga wannan guba. Sai ka ga ya rataye a tsaye a saman ruwa, ya ƙi cin abinci, gashin bakinsa ya fara zagwanyewa, kumfa ta rufe kwami, wari ya tashi. Kifin da bai mutu ba ma ya tsumbure: buhu bayan buhu yana ƙarewa, nauyi bai ƙaru ba, alhali abinci ne ke cinye fiye da rabin jarin kiwon.

Abin haushin, maimakon a canza ruwa sai a ruga kemis a sayo kafso a warware a ciki. Maganin ƙwayoyin cuta ba ya cire ammoniya, kuma ragowarsa na iya zama a naman da 'ya'yan mutane za su ci. Dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka. Kowa ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle. In ba za ka iya ba kifi ruwa ba, kada ka sayo shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tabbas mugun iri, cunkoso, abinci mai fumfuna da rashin ware manya daga ƙanana su ma suna kisa.

Masu kukan wahalar jido, ga hanyar da ruwa zai riƙa canza kansa, kuma duk mai gyaran famfo zai iya haɗa ta. A ɗora tanki a kan gini ko ƙarfe, ya fi kwamin tsawo, a yi masa rumfa. Daga rijiya ko burtsatse famfon sola ya riƙa cika shi, a sa masa abin da ke tsayar da famfon idan ya cika. Daga tankin a jawo bututu mai makunni zuwa kwami, bakinsa ya tsaya sama da ruwa domin ya riƙa zuba yana fantsama, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da wadatacciyar iska.

Mafita ita ce muhimmiya, kuma nan ake yawan kuskure. Ƙazanta a ƙasa take, don haka ɓula gefen kwami ta sama ruwa mai kyau kawai zai zubar. A yi daɓen kwami da ɗan gangare zuwa kusurwa ɗaya, a sa bututun fita a can ƙasa, a rufe bakinsa da raga don kada kifi ya bi. A waje a sa masa gwiwa, a miƙar da shi tsaye daidai tsayin ruwan da ake so. Duk ɗigon da ya shiga ta sama zai turo na ƙasa ya fita, kwami ba zai cika ya tumbatsa ba, ba zai kuma ƙafe ba. Kullum da safe a kwantar da bututun na ɗan lokaci, dagwalon ya fice da ƙarfi, a mayar da shi.

Lissafin ba wuya. Kwami mai lita 2,000 da ake son rabinsa ya sauya a kwana ɗaya yana buƙatar kimanin lita 42 a awa. A tara jarka mai lita 25 a bakin bututu, a daidaita makunni har ta cika a minti 36 ko kusa da haka. Kifi na girma, abinci na ƙaruwa, sai a ƙara buɗewa.

Kada a kwashe ruwa kaf a ɗura sabo lokaci guda. Sauyin zafi da sanyi na gigita kifi, musamman da hunturu. Kada a saki ruwan tankin da rana ta dafa. Ruwan famfon gwamnati ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi, saboda kulorin. Sabulu ko omo kada su kusanci kwami. Ranar da ruwa ya ɓaci a dakatar da abinci har ya gyaru. A riƙa duba raga kullum, don in ta toshe komai ya tsaya.

Saura inda ruwan zai tafi. Sakin sa a lungu zalunci ne: ya tara sauro, ya jiƙa gindin katangar maƙwabci har ta faɗi. A ƙasar da gona ke manne da gona, inda iyayenmu suka yi ta ɗauko taki a kan jaki tun daga birnin Kano, zubar da wannan ruwa asara ce. A haƙa masa 'yar kwata zuwa gindin zogale, ko fangalin alayyahu, rama da tumatir. Duk wanda zai gina kwami ya fara auna abu biyu: ko rijiyarsa za ta kai shi watan Mayu, da kuma shukar da za ta sha ruwan da ya fita.