Gyaran Fuskar Inji Kafin Ɗaura Sabon Gaskit

A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, abincin mutane da yawa ya rataya ga inji. Akwai injin niƙa a kasuwa, da injin ban-ruwa a fadamun gulbin Zamfara, da tarakta, da motocin da ke kai hatsi Gusau da Sakkwato. In inji ya tsaya a tsakiyar rani, shukar da ake bai wa ruwa da shi ta bushe. Saboda haka ya kamata uwayen ƙasa da hakimai da malamansu su san wannan gyara, domin su iya yi wa talakawa bayani.

Aikin gaskit

Inji kashi biyu ne manya: gangar jiki, inda fistin ke kai da kawowa, da kuma kai, wanda kanikawa ke kira tof silinda. Tsakaninsu ake shimfiɗa wani faifai siriri, shi ne gaskit. Shi ke tsare ƙarfin wuta, ya kuma hana ruwa da baƙin mai haɗuwa. Yawanci zafi ke ƙona shi, watau in an bar inji yana aiki ba isasshen ruwa. Alamunsa su ne farin hayaƙi daga salansa, da kumfa a cikin lagireto, da baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara.

Sau da yawa akan sa sabon gaskit, bayan 'yan makonni ya sake ƙonewa, mai inji ya ce jabu aka sayar masa. Alhali kuwa fuskokin nan biyu ne ba a gyara ba. Gaskit ba ya kamawa sai a kan ƙarfe mai tsabta, wanda ya miƙe sumul.

Kwancewa da kankarewa

Ba a kwance inji sai ya huce sarai. Akan fara sassauta notunan gefe, kaɗan-kaɗan, a ƙare da na tsakiya, don kada kan ya lanƙwashe. Sa'an nan a toshe ramukan fistin da hanyoyin mai da na ruwa da tsumma mai tsabta. A jiƙa ragowar tsohon gaskit, a kankare shi a hankali da makankari mai faɗi, a kwance, ba a tsaye ba. In kan na alminiyum ne, makankarin roba ya dace, gama ƙarfen yana da taushi. Kada a sa kurfi ko adda, kada kuma a goge da sanfefa ko injin guga. Suna kwakule fuskar, tsakuwarsu kuma ta faɗa cikin mai ta cinye ƙarafan ciki.

Ramukan notuna ma lalle a share su. Ruwa ko mai da ya kwanta a cikinsu yana hana ɗauri kaiwa, har yakan tsaga gangar jikin injin. A ƙarshe a goge fuskokin da fetur kaɗan, nesa da wuta, a bar su su bushe, a rufe su saboda ƙurar hunturu.

Awo

Ido ba ya ganin lanƙwasar inji. Akan aza miƙaƙƙen ƙarfe na awo bisa fuskar, a tsawonta da faɗinta, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, a gwada zura siraran ƙarafan awo ƙarƙashinsa. A injuna da yawa, giɓin da ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na milimita ɗaya ya yi yawa, watau misalin kaurin gashin kai guda. Littafin kowane inji ya faɗi iyakarsa. In lanƙwasar ta wuce iyaka, sai a kai kan wurin masu injin feƙe ƙarfe a babban gari, su duba ko ya tsage, kāna su rage shi daidai. Ragewar ma tana da iyaka, domin in ta yi yawa fistin yana iya bugun bawul.

Ɗaurewa

Ba a mayar da tsohon gaskit. A sa sabo, a lura kada ya rufe ramin mai. A fara ɗaure notunan tsakiya, a yi waje da su, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awon ƙarfi. Sauri ya haifi nawa. Bayan haka a canja baƙin mai, a kuma gyara abin da ya jawo zafin tun farko.

Gargaɗi na musamman

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar duwatsun zinariya da aka riƙa niƙawa cikin gari. Injin da ya taɓa niƙa irin wannan dutse, kada a kwance shi a cikin gida ko kusa da rijiya, kada yara su taya aikin, kada kuma a mayar da shi niƙan hatsi.

Ana roƙon uwayen ƙasa su sa a karanta wannan takarda ga kanikawa da masu injuna ran kasuwa, malamai kuma su ajiye ta a ofis domin mai bukata.