Ƙafa a Ruwa, Ciwo a Ciki: Manoman Rani a Madobi

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya daina zama abin jiran damina a kudancin birnin Kano. Daga Kura zuwa Bunkure da Garun Malam, har gonakin bakin kogi a ƙasar Madobi, da an girbe shinkafa sai a shuka alkama ko a dasa tumatir da albasa. Arziki ya samu. Amma mutumin da ya shekara talatin yana wuni tsamo-tsamo a kwami, ranar da jikinsa ya ƙi, wa ke gano abin da ke damunsa?

Kemis ake fara zuwa, kuma sunan ciwon kusan a shirye yake: maleriya da taifot. Sau da yawa maleriyar ce kuwa, domin inda ruwa ke kwance sauro ba ya hutun rani. A yi allura, a yi ƙarin ruwa, mutum ya koma gona. Matsalar tana ga cututtukan da ke cin babba a hankali, suna fakewa a bayan waɗannan sunaye biyu.

Wani magidanci da ya haura hamsin ya ba da labarinsa a ƙofar gida, bayan an gaisa an kawo ruwa. Cikinsa ne ya riƙa kumbura, hannuwa na ramewa, har ɗaukar fartanya ya gagara. An ce shawara ce, ya sha sassaƙe. An ce basir ne. Wasu ma suka ce sammu. Sai wata asuba da ya yi aman jini, babban ɗansa ya ɗauko mota aka nufi Kano, inda aka haɗa shi da likitan cututtukan cikin jiki na manya, wanda aikinsa bincike ne da magani, ba fiɗa ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tambayoyin. Wace sana'a? A ina gonar take? Yana shiga ruwa ba takalmi? Sannan likitan ya ce, "Baba, da kana yaro ka taɓa fitsarin jini, ko ka ga jini a bayan gida?" Shi kuwa ya amsa, "Ranka ya daɗe, ai kowane yaro a garinmu ya yi." Aka kwantar da shi, likita ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, ya ji saifa ta fito. Bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya sa aka ɗibi jini don neman cutar hanta nau'in B, wadda ita ma tana kumbura ciki kuma ta yawaita a ƙasar nan, aka duba fitsari da bayan gida, aka ɗauki hoton ciki.

Tsargiya ce. 'Ya'yan tsutsar da ke kawo ta suna fitowa daga jikin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar magudana, su huda fatar mai ban-ruwa ba tare da ya ankara ba. Nau'i ɗaya kan zuba ƙwai a mafitsara, shi ke kawo fitsarin jini, kuma in ya daɗe yana iya taɓa ƙoda. Ɗayan kan kai ƙwai hanta, ta yi ta tabo shekara da shekaru har jini ya kasa ratsa ta, ya taru a jijiyoyin maƙoshi, wata rana su fashe. Maganin praziquantel, wanda ake aunawa da nauyin mutum, yana kashe tsutsar, amma tabon da ya tsufa ba ya gogewa duka. Da tun yana saurayi ya samu waɗannan 'yan ƙwayoyi, da wuya abin ya kai haka, kuma wannan ne ke da ciwo a labarin.

Wata ma'aikaciyar lafiya a yankin ta ce abin da ya fi tayar mata da hankali hawan jini ne da ciwon suga. Mutum ya zo da ciwon kai, a aza masa na'ura a ga ya wuce 140 bisa 90 nesa, a ba shi magani, da ya ji sauƙi ya ajiye. Ga wuni a rana ba shan ruwa isasshe, ga ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗiya kullum don a iya aiki, duk ƙoda ce ke ɗaukar nauyin. Wanda tasa ta gaza sai wankin ƙoda a manyan asibitoci irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuɗin da noman kaka guda ba ya ɗauka.

Madobi ba ta da nisa da birni, sai dai kowace komawa asibiti na cin kuɗin mota da na gwaji da wunin aiki guda, a lokacin da tumatir ba ya jira. Magidancin yana zuwa duk ranar da aka rubuta masa a kati. 'Ya'yansa ke ban-ruwa yanzu, ya saya wa biyu daga cikinsu takalmin roba mai tsawo, na ukun sai an sayar da albasa.