Ko Kun Sani? Wasiƙun da Suka Fara Hawa Jirgin Sama

Ranar 18 ga Fabrairu, 1911, wani matashin Bafaranshe matuƙin jirgin sama, Henri Pequet, ya tsallaka kogin Yamuna a Indiya da wasiƙu kimanin 6,500, daga Allahabad zuwa Naini. Wannan ne karon farko da gidan waya ya aika saƙo ta jirgin sama a hukumance. Har yau masu tara kayan tarihi na rububin 'yan katunan da Pequet ya sa wa hannu a cikin wannan saƙo. Wani zai ce ai sa hannu ana iya kwaikwayonsa. Haka ne, shi ya sa masana ke fara duba hatimin musamman da aka buga wa wasiƙun, mai hoton jirgi bisa duwatsu. Hatimin ne babbar shaida, ba tawadar matuƙin ba.